Don sa'anka ne ke koyarwa shi ya sa ka daina zuwa?

Assalamu alaikum ƴan uwana ɗalibai. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita, wanda ta taɓa ya yi haƙuri don ni ma da kaina ina ciki.

Bayan dogon yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022, wanda aka shiga 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida, da muka dawo sai ƙungiyarmu ta ɗaliban ƙaramar hukuma ta ce duk wanda ya koyo wata sana'a a wannan zaman ya zo ya koya wa sauran kyauta duk ranar Asabar. Ranar farko aji ya cika maƙil, wasu har a jikin taga suke tsaye. Sai ga mai koyar da gyaran waya ya fito, ashe wani yaro ne ɗan aji biyu da muke cin garau-garau tare a bakin hostel, nan take na ji wani a bayana ya ce "au wai wannan ne?" Sati na uku mu bakwai muka rage, kuma gaskiya ni ma kunya ce ta riƙe ni don ɗakinmu ɗaya da yayansa.

To wallahi abin da na gani a wurin yaron nan ban same shi a wata lacca ba. Shi wata takwas ɗin da muka ƙarar muna barci da musun ƙwallo a Facebook, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya yi su, yana share shago yana miƙa wa oga kaya. Ya shimfiɗa farar takarda a kan benci, duk sukurun da ya kwance sai ya ajiye shi daidai gurbin da ya fito, ya ce tsawonsu ba ɗaya ba ne, in ka cusa dogo a ramin gajere ka huda allon injin wayar mutane shi kenan ka jawo wa kanka biya. Ya ce da ka buɗe waya abu na farko ka raba ta da batir kafin ka taɓa komai. Ya ɗauko mita, wato abin awon wuta, ya nuna mana yadda ake gane ko batir ne ya mutu ko bakin caji ne kawai ya samu matsala, kuma duk wanda ya yi tambaya, ko da tambayar banza ce, sai ya ce zo ka riƙe da hannunka ka gani. Sau uku na tambaye shi abu ɗaya bai ɓata rai ba, kai ka san malamin da za ka yi wa haka a aji mai mutum ɗari biyu?

Amfanin koyo a hannun sa'anka kenan, ba ka jin nauyin cewa ban gane ba, yarenku ɗaya, kuma da dare ma za ka iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amma mu sai muka mai da wannan ɗin abin raini. Girman kai rawanin tsiya, kana aji huɗu ba ka iya komai da hannunka ba amma wai ajinka ya wuce ka zauna gaban ɗan aji biyu.

Abin haushin ma shi ne ranar da aka ce za a raba satifiket, sai ga aji ya sake cika, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba, ana ta turereniya ana ɗaukar hoto. Dan Allah me za ka yi da takardar da ta ce ka iya gyaran waya alhali ko murfinta ba ka iya ɓallewa ba? Kuma wannan halin ba a ƙungiya ya tsaya ba. SIWES ɗin nan, shirin tura ɗalibai ma'aikatu koyon aiki, da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kawo tun 1973 don ɗalibi ya je ya ga aiki da idonsa, da yawanmu sa hannu kawai muke nema a littafi. Darasin koyon kasuwanci da aka wajabta mana a jami'a haddacewa muke mu zuba a jarrabawa mu manta. Sai an je sansanin bautar ƙasa a tarar da shirin koyar da sana'o'i na SAED, wanda aka faro a 2012, a nan ne ido ke raina fata, mutum yana so ya koyi ɗinki a cikin sati uku ga fareti ga gajiya.

Ku ma masu koyarwa ban ƙyale ku ba. Wani in ya iya ɗan abu sai ya riƙa ɓoye sirrin, ya koya maka haɗa sabulun ruwa amma ya ƙi faɗa maka ainihin awon, wai kar ka ƙwace masa kasuwa, wani kuma sai ya yarfa ka gaban ƴan mata don ka yi kuskure. Kai ma fa wani ne ya yi haƙuri da kai, kuma arziƙinka ba a hannun wanda ka koya wa yake ba. Su kuma shugabannin ƙungiya, kuɗin karo-karon da muke bayarwa ana zuba shi a riguna da allon talla da lemon babban baƙo, amma mita ɗaya tak muke karɓa-karɓa mu bakwai, shi ma na yaron ne. Kuma ba wanda ya yi tunanin a ware mutum biyu daga ƙananan aji su goge sosai a hannunsa don su gaje shi, shi ya sa da ya gama ya tafi ajin ma ya bi shi.

In ƙungiyarku na da irin wannan ajin, ka nemi tsohuwar waya da ta mutu a gida, ko ƙyallen da ba a so in ɗinki ne, ka tafi da shi ranar Asabar ka zauna a benci na gaba. In kuma kai ne ka iya, ka je wurin sakatare ka ce a sa sunanka.