Jeren Ɗakin Amarya Mai Ƙafa Takwas

Ranar da na shigo da ita gida cikin 'yar robar da ba ta fi ta zuba miya ba, uwargida ta leƙa, ta ja da baya har ta bugi firji, ta ce, "Baban Ummi, duk matan da ke garin Manchester, da wannan ka ga ya dace ka yi mini kishiya?" Daga ranar sunan amarya ya bi ta. Ni dai Ƙoƙi na raɗa mata, tunda matar Gizo ce.

Ƙoƙi tarantula ce, irin manyan gizo-gizon nan masu gashi. Masana na kiran jinsinta Tliltocatl albopilosus, asalinsu dazukan Honduras da Nikaraguwa da Kosta Rika a nahiyar Amurka. Gashinta a murɗe yake kamar wadda ta tashi daga barci ba ta taje kai ba. In ta gama girma, daga ƙafa zuwa ƙafa takan kai santimita 14, kuma macen kan haura shekara 15 a duniya, namijin kuwa bai cika daɗewa ba bayan ya balaga. Ita ake ba sabon shiga saboda sanyin halinta. Akwai danginta a yankinmu na Afirka, irin Heteroscodra maculata ta wajajen Togo da Hysterocrates gigas ta Kamaru, amma waɗannan ga gudu ga zafin dafi, ba a fara koyon kiwo da su.

Yawancin masu kiwo akwati suke samu su zuba ƙasa, su sa ɓawon itace da kwanon ruwa, shi ke nan. Ni kuwa na ce amaryata sai lambu, da shuke-shuke masu rai a cikin gilashi.

Na sayi akwatin gilashi mai tsawon santimita 40, faɗi 30, tsayi 30. A can ƙasa na shimfiɗa dunƙulallen gasasshen yumɓu, irin wanda masu fulawa ke sawa a gindin tukunya, kaurin santimita 3, don rarar ruwa ta samu wurin kwanciya. Na rufe shi da ragar roba irin ta tagar sauro, kada ƙasa ta zurara ta toshe shi. Sannan na yi haɗin ƙasa: lita 7 na ƙasar lambu wadda ba taki ba maganin ƙwari a cikinta, lita 4 na niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, lita 2 na yashi, sai busasshiyar gansakuka da dakakken gawayi kamar lita 2. Ana yayyafa ruwa ana cuɗawa har in ka damƙa ta dunƙule amma ko ɗigo bai fito ba. Na danne ta sosai da hannu har ta kai zurfin santimita 12, domin sakakkiyar ƙasa rushewa take yi a kan mai haƙa rami. Zurfin nan yana da wani amfanin kuma. Tarantula mai zaman ƙasa tana da nauyi, tulun cikinta kuma kamar ɗanyen ƙwai yake, in ta hau gilashi ta faɗo daga nesa fashewa zai yi. Shi ya sa ba a barin tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi.

Shuke-shuken uku ne: fotos mai yaɗo, fitoniya mai jan zane a ganye, da wani ɗan ƙaramin fan mai ganye kamar gashin tsuntsu. Duk na zazzage ƙasar da suka zo da ita, na wanke saiwa da ganye tas, na ajiye su mako 3 a tukunya daban. Masu sayar da fulawa suna fesa maganin ƙwari, maganin da ke kashe ƙwaro kuwa ba ya tambayar nawa ka sayi gizonka. Na sa fitilar LED mai farin haske, da na'urar da ke kunna ta awa 10 a rana. Fitilar ta tsirrai ce, Ƙoƙi ba ta da buƙatarta, hasali ma duhu ta fi so. Na kifa ɓawon itace mai lanƙwasa ya zama ɗaki, na binne rabinsa, na watsa busassun ganye, na ajiye kwanon ruwa mara zurfi.

Kwana 10 da gama jere, fumfuna ta fito fara fat a kan ɓawon da ganyen, kamar an manta da tuwo a kula. Hankalina ya tashi, ashe haka sabon lambun gilashi yake yi. Maganinsa iska da 'yan shara. Wasu fararen ƙwari ne ƙanana kamar garin gishiri, masu tsalle, abincinsu ke nan fumfuna. Aka sayar mini da su a robar gawayi, na juye. Na ƙara da Trichorhina tomentosa, 'yan mitsitsin ƙwarin da ke cin ruɓaɓɓen ganye. Manyan danginsu ba a sa su, don suna iya gwaguyar gizo lokacin da jikinsa yake da laushi. Uwargida ta tsaya a kaina ta ce, "Wato har masu aiki aka ɗauko wa amarya. Ni shekara 9 ina shara, ko tsintsiya ba a canja mini ba." Cikin mako 2 fumfunar ta ɓace. Na bar lambun ya cika mako 6 saiwa ta kama, sannan amarya ta tare.

Daren farko lafiya. Da asuba na fito alwala na tarar da ita tana reto a jikin murfi, ƙafa ɗaya a maƙale. Murfin ragar ƙarfe ne, ita kuma kowace ƙafa tana da ƙananan farata a ƙarshe, su ne suka sarƙe a ragar. Da ta fizga, ko ƙafar ta cire ko ta faɗo. Na tara mata roba a ƙasa, na lallaɓa ƙafar da burushin fenti mai laushi har ta saki. A ranar na cire ragar, na yanko farantin roba mai gani-har-hanji, na huda ramuka masu faɗin milimita 3 jere-jere, na mayar da shi murfi.

Sai aka shiga gyaran jere. Ashe Ƙoƙi magina ce, ba wanda ya gaya mini. Da dare take aiki, ta dunƙula ƙasa da saƙarta, ta rungumo da fiƙoƙi da gajerun hannuwan nan biyu na gefen baki, ta kai inda ta ga dama. Inda ta ga dama kuwa shi ne kwanon ruwa. Kullum da safe in wanke in cika, kullum da dare ta mayar da shi kwaɓaɓɓen laka. A mako na biyu ta haƙa rami ta ƙarƙashin fitoniya, ta tsinke saiwar, ta binne ganyen. Fan kuwa saƙa ta lulluɓa masa har haske ya daina isa gare shi, ya bushe a tsaye. Na kai ƙara wurin uwargida, ta ce, "Amarya ba ta laifi, ko ta kashe ɗan masu gida. Kai ka ɗauko ta."

Nan na yi wautar da har yau nake tunawa. Na ce bari in tono fitoniyar in sake dasawa, na zura hannu ba safa ba hantsaki. Ƙoƙi ba ta cije ni ba. Juya mini baya kawai ta yi, ta sa ƙafafun baya ta karkaɗe tulun cikinta da sauri. Tarantulolin nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙaya a wurin, da shi suke kare kai, kuma suna barbaza shi a ƙasar bakin raminsu. Ƙaiƙayin ƙaiƙayi ne na gaske, irin na wanda ya kwana a masussukar gero. Kwana 4 ina susa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Abin da ya kamata shi ne a manna salatif a ɗaga don ya zare gashin, a wanke da ruwan sanyi, kuma kada hannun ya kusanci ido, domin in ya shiga ido sai asibiti. Tun daga nan hantsaki mai santimita 30 ne wakilina a ɗakin amarya.

Da sanyi ya shigo muka kunna hita, iskar gida ta bushe kamar hunturun Kano. Ganyen fotos ya langaɓe, na shiga antaya ruwa kullum. Ba a yi kwana 10 ba ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka cika gilashin, wata rawayar laimar kwaɗi ta tsiro a kusurwa, Ƙoƙi kuma ta ƙaurace wa ƙasa ta manne a bango. Gizon ƙasa in ya koma zaman bango, ƙasar ce ta yi masa caɓi. Nan matsalar lambun take: shuka na son ruwa, mai ɗakin na son saman ƙasa a bushe, ƙarƙashi da ɗan danshi. Na zuƙe ruwan da ya kwanta a yumɓu da sirinji da siririn tiyo, na ƙara ramuka a murfi, na koma zuba rabin kofi a kusurwar shuka kaɗai sau ɗaya a mako. Ba a fesa mata ruwa a jiki. Zafin ɗakin kuma tsakanin digiri 22 zuwa 26 ya ishe ta. In har za a sa faifan ɗumama, a gefen gilashi ake manna shi, domin ita in ta ji zafi ƙasa take nutsawa, in faifan yana ƙarƙashi ta tafi wurin gashi da ƙafarta.

Abincinta gyare ne, 2 a mako. Wata rana ta daina ci. Mako 3 ba ta taɓa komai ba, sanƙon da karkaɗe gashi ya bari a bayanta ya yi baƙi yana sheƙi. Gyaren ƙarshe da na jefa ya shige cikin yaɗon fotos, na neme shi na rasa, na ce gobe. A akwatin da ba shuka, minti ɗaya ya isa ka kama shi. A lambu kuwa ya samu daji.

Ƙarfe 2 na dare kukansa ya tashe ni. Na haska tocila, sai ga Ƙoƙi kwance rigingine a kan wata tabarmar saƙa, ƙafafu a sama, ko motsi babu. Na yi salati. Uwargida ta fito, ta duba, ta sassauta murya ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baban Ummi. Ta dai yi zamanta ba ta taɓa gaishe ni ba, amma na yafe mata." Har na ɗauko kwalin takalmi, sai na tuna abin da mai sayarwa ya nanata mini: tarantula ba ta mutuwa a rigingine, mai mutuwa a kife take, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki. Mai rigingine saɓa take yi. In ka taɓa ta ko ka juya ta, tana iya maƙalewa a tsohuwar fatar, nan ne za ka yi ta'aziyyar gaske.

To ga gyare a sake, kuma gyare yana cin gizon da ke saɓa, don a lokacin jikinta kamar dafaffiyar taliya yake, ko kare kanta ba ta iyawa. Haka na durƙusa da singileti, hantsaki a dama, uwargida riƙe da tocila, ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ba halin buga gilashi don girgiza tana damunta. Sau biyu yana tsallake kanta. A ƙarshe yankan karas na ajiye a kusurwa mai nisa, muka kashe tocila muka yi tsit kamar masu gadin gawa. Bayan minti 40 ya fito cin karas, na kifa masa kofi.

Kafin hantsi ta zare kanta daga tsohuwar riga, ta fi da girma, sanƙon ya cike da sabon gashi, fiƙoƙinta farare sol. Ba a ba ta abinci sai sun koma baƙi, wajen kwana 10 zuwa 14, in ba haka ba su karye. Fatar da ta bari kuwa kamar ita ce sak. Na ɗora ta a kan teburin falo don in duba da rana, na manta ban faɗa wa kowa ba. Ihun da na ji daga banɗaki, maƙwabcinmu Bature sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Yanzu lambun ya koma fotos guda ɗaya, wanda na bari a cikin tukunyarsa na binne tukunyar, don ta daina isa ga saiwar. Sauran fili tudun ƙasa ne da rami ɗaya wanda ta toshe bakinsa da saƙa. Mako 5 ke nan rabona da ganinta, sai dai ƙafa biyu a bakin rami in dare ya yi nisa. Shekaranjiya wani abokina ya zo, ya daɗe yana leƙen gilashin, ya ce, "Malam, me kake kiwo a nan?" Kafin in buɗe baki uwargida ta amsa daga kicin, "Ƙasa yake kiwo. Amaryar tana kulle."