Tumatirin da kuka gani a bakin titi

Kun dai ga hoton nan da ke ta yawo tun shekaranjiya, kwandunan tumatir jibge a bakin titi suna zubar da ruwa, kun kuma ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta a ƙasa. Wai manoman rani ba su da lissafi, kowa sai ya shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, sannan a dawo ana kuka. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Amma wallahi tun da na karanta raina yake a ɓace.

Malam, wane lissafi kake nufi? Tumatir sanyi yake so. Ana yin renonsa a ƙarshen damina, a dasa shi bayan kamar wata guda, ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya a cikin hunturu. Da zarar zafin bazara ya kankama, wajen Maris zuwa Afrilu, furen zubewa yake yi, ko nawa ka kashe masa. Shi ya sa na Kura da na Kadawa da na Garun Malam da na Bunkure duk suke tsinka a tare. Ba su haɗa baki ba, lokacin ne Allah ya tsara haka. Ka ce mutum ya jinkirta dashe don ya samu kasuwa, to ka ce masa ya zuba kuɗinsa a rijiya ke nan.

Manomi ya yi nasa. Wannan ita ce maganata, kuma ba zan gaji da maimaita ta ba.

Ka taɓa shiga ruwa da asubar watan Janairu? Ni na shiga. Ƙanena har yanzu yana shiga. Kafin a kira assalatu ya ɗaura inji a bayan babur, ya ja tiyo, ya tsaya cikin laka yana buɗe kwami yana toshe kwami, iska na yanka fuska, ƙafa duk faso har jini. Kai a lokacin kana cikin bargo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk ban ruwa ɗaya sai ya ƙirga litar fetur kamar mai ƙirga ƙwayar magani. Ga taki, ga maganin feshi, ga kuɗin 'yan ƙwadago masu tsinka, ga kwandon kansa da sai an saya. Ga fargabar tsutsar nan da muke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari mai kuɗi. Duk wannan ya tsallake shi, ya kawo kaya jajawur kasuwa, dillali ya taya masa kuɗin da ba zai mayar da na mai ba. Ya ƙi sayarwa? Kwana biyu kaya ya fara ruwa. Dillali ya san haka, shi ya sa ba ya gaggawa.

Manomi ya yi nasa. Waɗanda ba su yi nasu ba su ne ya kamata ka tambaya. An gama dam ɗin Tiga tun 1974. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya ruwa yana gangarowa ta magudanai, mutane suna noma, amma har yau ina ɗakin sanyin da talaka zai kai kwando goma ya ajiye na mako guda? An buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa a 2016, mun yi murna, daga baya ta riƙa buɗewa tana rufewa. Motar da za ta kai kaya kasuwar Mile 12 a Legas sai ta kwana a hanya, kwando bisa kwando, na ƙasa ya matse kafin a isa. A nan kuma cikin shagunan garinmu tumatirin leda da na gwangwani ake sayarwa. Wannan ma laifin mai ban ruwa ne?

Na ga masu cewa to su koma albasa ko alkama mana. Ai suna yi. Ka zo ka ga karas da kabeji da latas da tattasai da attaruhu, kuma ban da albasa da barkonon da ake busarwa, wanne ne a ciki yake jiran kasuwa? Masu cewa a sayi injin ban ruwa mai sola kuwa, na gode da shawara, a kawo kuɗin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, idan damina ta kawo kai tumatir ya yi tsada, ku ɗin dai ne za ku dawo nan kuna zagin manoma da rashin tausayi. A lokacin babu ko ƙwaya a hannun manomi. Ya sayar tun da sanyi, a kan asara, yana can yana neman yadda zai biya bashin taki. Ina roƙonku da girman Allah, in kun tsaya sayen kayan miya a gefen hanya, ku rage tayin wulaƙanci. Mutumin nan uban wasu ne.

Af, tun da zancen ya kawo mu nan. Masu shanya kauɗa a kan kwalta, don Allah ku daina. Ƙura da hayaƙin mota da takun awaki duk a cikin miyar mutane suke ƙarewa. Innarmu a kan rufin soro take shanya tata, ta shimfiɗa tabarma, ta yanka kowanne gida biyu, in ya bushe ƙayau ta ɗure a buhu ta rataye a ɗaki. Da ita muke miya har ruwa ya sauka. Bana ma ta aiko in kai mata kwando biyu ranar Juma'a.