Ni na tsallake, dokin ne ya tsaya

Jama'a duk wanda yace muku dokin fantaziya, wato dokin hawan sallah, zai iya wasan dawakin Turawa ku turo min shi nan Marwa ta Kamaru in nuna masa haƙarƙarina.

Abun ya faro ne tun gasar Olamfik ta Paris a 2024, muna majalisa a unguwar Domayo ana zuba shayi sai ƙanen wani abokina ya miƙo min waya yace Yaya kalli wannan. Wasa ne hawa uku, doki ɗaya mahayi ɗaya, a filin fadar Versailles akayi shi. Da farko doki yayi tafiyar yanga a fili mai faɗin mita 20 tsawo 60 alƙalai na zaune suna rubutu, sannan a fita fili da gudu ana tsallake kututture da rami da ruwa, a ƙarshe a dawo a tsallake sanduna. Makin ma na laifi ne, wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. Wani Bajamushe Michael Jung ne ya ɗauki zinare, karo na uku kenan bayan na 2012 da 2016. Ni kuma bakina baya hutawa, nace to miye a ciki, mu da ake sukuwa gaban Lamido ranar sallah hannu ɗaya na riƙe da takobi? Mai shayi ko ɗagowa baiyi ba yace jaka goma, kayi mu gani.

Toh maganar gaskiya dokin ba nawa bane, na Kawu ne, akawal ne ingarma wanda duk hawan sallah da shi ake fita, dawa da harawa da kanwa basa yanke masa, a gidan nan ya fi ni gata nesa ba kusa ba. Sai da muka jira damina ta ɗauke, kogin Mayo Kaliyawo ya koma yashi zalla, sannan na je na durƙusa nace Kawu kilisa zan ɗan kai shi. Ya dube ni sama da ƙasa yace ɗana, jalalar nan sabuwa ce, ka kula min da ita. Lafiyata ko tambaya baiyi ba.

La'asar sakaliya muka sauka cikin mayo. An ja layi da toka, alƙalai uku sun zauna kan benci: mai shayi, telan unguwarmu, da yaron nan mai waya da yake karanto doka da Faransanci yana fassara mana yadda ya ga dama. Yace a hawa na farko ba'a yiwa doki magana, in ka buɗe baki an rage maka. Wannan bai dame ni ba don dama dokin Fillanci kawai yake ji, tsohon da ke kula da shi Bafillace ne. Na shiga fili ina ƙoƙarin zagayawa a hankali sai wani ɗan banzan yaro ya fara kiɗa da jarka, kunsan dokin sarauta da kiɗa, nan take ya lanƙwasa wuya ya hau taku ɗai-ɗai yana tafiya a karkace yana ɗaga ƙafafun gaba, ni kuwa na rungume kan sirdi ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina a zuci tunda an hana magana. Wallahi alƙalan sun ɗauka da gangan nake yi. Tela har miƙewa yayi yana tafi, yace ko Bajamushen nan sai haka.

Kaina ya kumbura, aka tafi hawa na biyu. A can wajensu gudun mita 570 ake so a minti ɗaya, shingen kuma yana kai mita 1.20 kuma yawanci kafaffe ne baya faɗuwa. Namu kututturen dogon yaro ne da ruwa ya kawo, ko gwiwata bai kai ba, bayansa buhunan masu ɗiban yashi, sai ramin ruwan da masu wanki suka tona. Mutane sun taru bayan kututturen, a tsakiyarsu wani Alhaji mai babbar riga fara ƙal, rana na dukansa sai yaronsa ya buɗe masa laima.

Ku tsaya ku ji yadda ake horar da dokinmu. Tun yana duƙushi abu ɗaya ake koya masa: ya fito a guje kamar zai tattake jama'a, yana isowa gaban mai martaba a ja linzami ya danne ƙafafun baya ya zame ya tsaya cik, mahayi ya ɗaga hannu yayi jinjina. Shekara da shekaru wannan yake yi ana guɗa ana masa kirari. Ba wanda ya taɓa ce masa akwai ranar da za'a so ya wuce. To ga babbar riga ga laima ga taro.

Na sa masa ƙaimi ya fita, kai jama'a gudu kam yayi, iska na kaɗa min kunne hulata ta tafi abinta, na tashi kan likkafa yadda naga suna yi a waya na saki linzami nace bismillah. Saura taku biyu akawal ya zauna kan ƙafafun baya, yashi ya tashi, zamiyar da tunda nake ban taɓa ganin mai kyanta ba, kuma na ganta da kyau don ta sama na bi. Na tsallake kututturen tsaf ban taɓa shi ba, na sauka kamar buhun gero daidai takalmin Alhaji. Shi kuma bawan Allah ganin doki ya rusuna gabansa sai ya dunƙule hannu ya ɗaga yana amsa gaisuwa, ni ina ƙasa yashi cike da baki ba wanda yace min sannu.

Yaro mai waya ya iso yana haki yace turjiya maki 20 ne, faɗuwar mahayi kuma an fita gasa kenan. Nace wace fita, ba tsallakewa akace ba, ban tsallake ba? Mai shayi yace da doki akayi magana. Tela yace a raba, tunda rabi ya haye a ba shi jaka biyar. Muna cikin wannan musu shi gogan ya zagaye kututturen a natse, ya je ramin masu wanki ya sha ya ƙoshi, sannan ya kwanta ciki yayi birgima da sirdi da jalalar Kawu da wasu zannuwa da aka jiƙa a gefe. Hawa na uku ko maganarsa ba'a tayar ba, masu wanki sun riƙe min riga sai da na biya kuɗin sabulu.

Da daddare na shiga gida ina ɗingishi da jalala a hannu tana ɗiga, na shirya shan faɗa, sai na tarar da Kawu yana ta fara'a. Ashe Alhajin nan har ya aiko, wai ko nawa ne a sayar masa da dokin, bai taɓa ganin dabba mai ladabi haka ba. Kawu yace bai sallama ba tukuna don akwai wani mai kuɗi daga Garwa da zai zo gani ranar Juma'a. Yace ɗana ka sha magani ka warke da wuri, kai za ka sake hawa, kuma yadda kayi yau haka nake so kayi, kar ka canja komai.