Gyaɗa da kashu abinci ne tun kafin su zama kayan fitarwa

Idan ana lissafin abincin ƙasa mai tasowa, hatsi ake fara kirgawa: shinkafa, masara, alkama, sai rogo da dankali. Gyaɗa da kashu da sauran 'ya'yan itace masu ɓawo a shafin kayan fitarwa ake rubuta su, kusa da auduga da koko, a matsayin hanyar shigowar kuɗin waje. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma ƙananan yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Hatsi yana cika ciki, babu mai musun haka. Amma cikin yaro ɗan shekara biyu ƙarami ne, ba zai iya cin tulin da zai ba shi duk abin da jikinsa ke nema ba. Giram 100 na gyaɗa yana ɗauke da kalori sama da 550, kusan rabin nauyinsa mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. Ba ta buƙatar firiji, tana yin watanni a ajiye idan ta bushe sosai. A gona ma, da yake dangin wake ce, saiwarta na ƙara wa ƙasa taki, wanda ya shuka hatsi a bayanta ya amfana.

Likitoci sun riga 'yan siyasa gane haka. A 1996 wani likitan yara ɗan Faransa, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari, sukari, mai da sinadaran bitamin, suka sa mata suna Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kalori 500, ba a dafawa, ba a dama shi da ruwan da ƙila gurɓatacce ne. Kafin nan, yaron da tamowa ta kama sai an kwantar da shi asibiti makonni, uwa ta bar sauran 'ya'yanta ta yi jinya. A matsalar yunwar Nijar ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, akasarinsu a gidajen iyayensu, kuma a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya. To ina dalilin da zai sa a jira sai yaro ya rame ƙashi da fata kafin a tuna cewa gyaɗa abinci ce?

Abin da ya fi damuna shi ne batun fumfuna. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil, daga nan aka gano gubar da ake kira afulatoksin. Fumfuna ce ke fitar da ita, tana kama gyaɗa da masara idan fari ya same su a gona, ko aka tara su da danshi. Suya ko dafuwa ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Tana haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma binciken da aka yi a Benin da Togo ya alaƙanta ta da tsumburewar yara. Ƙasashen Turai sun gindaya ƙa'ida mai tsauri a kan gyaɗar da ke shiga kasuwarsu, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai mai fitar da kaya yakan tsince lafiyayyun ƙwayoyi ya loda a jirgi, waɗanda suka yamushe ko suka canza launi kuwa ba zubar da su ake yi ba. Kasuwar cikin gida suke komawa da araha, a niƙa su yadda ido ba zai bambance ba, mai ƙaramin ƙarfi ya saya wa iyalinsa. Gwamnatin da ta kafa ɗakin gwaji a tashar jiragen ruwa domin mai saye na waje, ta bar kasuwannin gida babu ko ɗaya, ta nuna wanda take ɗauka da muhimmanci.

Maganin kuma ba gagarabadau ba ne. A tone gyaɗa a kan lokaci, a shanya ta a kan tamfol maimakon ƙasa, a adana ta nesa da danshi, a raba gurɓatattu da abincin mutane da na dabbobi. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA, wanda ake watsawa a gona, fumfuna marar guba ta mamaye wurin mai guba. Aiki ne na malaman gona da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Kashu labarinsa daban ne. Afirka ke noma fiye da rabin ɗanyen kashu na duniya, Kwaddibuwa ce kan gaba da sama da tan miliyan ɗaya a shekara. Mafi yawansa da ɓawonsa ake fitar da shi zuwa Biyetnam da Indiya, can a fasa, a gyara, a sayar wa Turai da Amurka, ribar ta tsaya inda aka sarrafa. A Gini Bisau kashu ne kusan dukkan abin da ƙasar ke fitarwa, manoma da yawa sun rage noman shinkafa sun koma musayar kashu da shinkafar da aka shigo da ita. Shekarar da farashi ya yi kyau, kilo ɗaya na kashu ya karɓi kilo ɗaya na shinkafa. Shekarar da ya faɗi, sai manomi ya ba da biyu ko uku, tukunyarsa ta dogara da cinikin da ake ƙullawa a wata nahiya.

Masu cewa kuɗin waje wajibi ne suna da hujja. Da shi ake sayo magani da taki da man fetur, kuma manomin kashu da ya sayar da kilo ɗaya ya sayi hatsi ya fi wanda ya ci kashunsa samun ƙoshi. Ni ma ban ce a rufe tashoshin jiragen ruwa ba, ban kuma ce gyaɗa ta maye gurbin hatsi ba. Abin da nake nema shi ne ma'aikatun noma da na lafiya su zauna a teburi ɗaya: a sa gyaɗar da aka gwada cikin abincin 'yan makaranta da na mata masu juna biyu, a saya daga manoman ƙasar, a kuma ƙarfafa kamfanonin gida masu haɗa abincin masu tamowa, irin waɗanda ke aiki a Malawi da Nijar. Ƙa'idar da ake bi kafin a loda buhu a jirgi, ita za a bi kafin a sauke shi a kasuwar gida, ko da kuwa hakan zai sa a ƙona wasu buhunan a biya manomi diyya.