Yadda Saksofon Ya Kunyata Ni a Tsakar Gida

Ƙanena ɗan badujala ne, kuma ranar da ya bar saksofon ɗinsa a ɗakina ya tafi kasuwa, sai zuciyata ta raya mini cewa wanda ya girma yana jin algaita a ƙofar fada ba zai gagara busa wannan lanƙwasasshen ƙarfe ba.

Na haɗa wuyan da gangar jikin, na cusa bakin busawa a kan wuyan, sannan na ɗauko wani ɗan siririn harshe na gora na ɗaure shi da zoben ƙarfe mai noti biyu. Na cika kumatu kamar mai algaita na hura har idanuna suka yi ja, amma iska kawai ke fita. Ashe na kifa harshen ne, kuma a bushe, alhali sai an jiƙa shi da yawu an kwantar da shimfiɗaɗɗen gefensa a kan bakin busawa kafin ya yi rawar da ke haifar da sauti. Saboda wannan harshen ne ma ake lissafa saksofon cikin dangin sarewa, duk da cewa Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya yi masa rajista a 1846, da tagulla ya ƙera shi.

Da na gyara, sai abin ya yi wata ƙara wadda ta sa uwargida ta fito da gudu tana tambayar wanda ya taka akuya. Babban yatsana na hagu ne ya danne maɓallin da ke ɗaga murya sama ban sani ba. Sauran maɓallan kuwa, kowanne na da faifan fata da ke toshe rami, kuma gwargwadon ramukan da mutum ya toshe, gwargwadon kaurin muryar. Na toshe su duka domin in yi gurnani irin na manya, sai ya shaƙe kamar mai mura.

A haka ƙanena ya same ni ina gumi. Ya zura hannu cikin faffaɗan bakin ƙasa, ya zaro tsumman da yake goge danshi da shi, ya duba harshen da na tauna har ya tsage, ya ce, "Yaya, na ƙarshe ke nan a akwatin, kuma gobe muna da fareti."