Hanyar Dala Biyu

Shekarata goma sha bakwai ina tuƙin tasi a birnin New York. A majalisarmu ta bakin masallaci a Bronx, inda 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi da mu 'yan Kano muke shan shayi bayan Isha'i, in gardamar hanya ta tashi ni ake jira in raba ta. Sabon direba in ya zo, ni ke nuna masa gadar da ake bi da asuba da wadda ake gudu da La'asar. Na fara da wannan ne don ku san tsawon rimin da na faɗo daga kansa.

Wani tsohon Bature ne ya ja mini. Na ɗauko shi daga filin jirgi zan kai shi Garden City, muka maƙale a cunkoso kan babbar hanyar Long Island, dogon tsibirin nan da ya miƙe gabas daga birnin, mota ko motsi ba ta yi. Tsohon nan ya yi tsaki ya fara labari. Wai akwai wata hanya, Motor Parkway, daga Queens har tafkin Ronkonkoma, mil 45, babu danja ko ɗaya, babu mararraba, duk inda ta haɗu da wata hanya sai dai ta hau gada ko ta kutsa ƙarƙashi. Babu manyan motoci. Kuɗin shiga dala biyu. Turancin tsofaffin Long Island ta hanci yake fita, ga rediyona a kunne, ga wani yana yi mini ham a baya. Duk abin da ya faɗa na ji, in ban da 'yar kalma ɗaya, wadda in da Hausa ce ita ce "a dā".

Dala biyu! Ni da kullum gadojin garin nan suke yankata ba bisimilla. Na ce a raina ashe akwai hanyar da Turawa suka ɓoye wa bare. Daren nan na sanar da majalisa cewa na gano wata hanya, amma ba zan faɗi sunanta ba sai na gwada. Wani ɗan Zongo ya ce in akwai irin wannan hanyar shi zai sayi shayin mako guda. Na ce ya tanadi madara.

Bayan sati biyu aka aiko mana da gayyatar suna. Ƙawar uwargida ce ta haihu, can cikin yankin Suffolk, kuma a jikin kwatancen gidan an rubuta ɓaro-ɓaro: a sauka kan Motor Parkway. Shi ke nan, shaida ta cika. Ga wutsiyar hanya a hannuna, saura in nemo kanta a Queens.

Ranar Lahadi muka fito. Uwargida ta kwana tana suyar waina, kula biyu manya, da miyar taushe a ta uku. Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, tana baya da wayarta. A gaba kuma, kusa da ni, surukina ne, Baba, wanda ya zo mana ziyarar wata uku. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ya ajiye. Bai cika magana ba. In ka taka birki ba daidai ba sai dai ya gyara zaman hularsa, kai kuma ka ji kamar an mare ka. Tun da na auri 'yarsa nake neman ranar da zan burge shi a kan sitiyari.

Muka haye gadar Throgs Neck lafiya. Matar nan ta cikin waya mai kwatance ta ce in bi babbar hanya in miƙe gabas. Na kashe ta.

Uwargida ta ce, "Malam, ka kashe mai kwatance."

Na ce, "Yau ni ne mai kwatancen."

Na riga na duba taswira da dare, na ga wani siririn layi mai sunan Vanderbilt Motor Parkway ya ratsa lambun Cunningham. Can na nufa. Muka zagaya lambun sau ɗaya, ban ga mashiga ba. Muka zagaya na biyu. A kan titin 73 muka wuce ƙarƙashin wata tsohuwar gadar kankare, na nuna wa Baba da alfahari na ce ga ta can a sama, saura mu sami inda ake hawa. Baba ya ɗaga kai ya duba. Daidai lokacin wata mata ta gifta a kan gadar tana tura keken jariri.

Ya gyara hularsa.

A zagaye na uku na ajiye mota na ce bari in leƙa da ƙafa. Baba ya ce zai miƙe ƙafarsa shi ma, Auta ta biyo mu, uwargida ta ce ita ba ta ga abin fita ba. Muka hau wani ɗan tudu cikin bishiyoyi, sai ga hanyar. Kwalta ce sumul, inuwa ta rufe ta ko'ina, ga wasu tsofaffin turakun kankare a gefe sun karkace. Danja kuwa babu, gaskiyar tsohon Bature. Mota ma babu. Masu keke ne, da masu sassarfa da gajeren wando, da wani da kare ke ja.

Wani dattijo ya tsaya kusa da mu yana shan ruwa, da hular kwano irin ta masu keke. Na yi masa sallamar Turawa na tambaye shi ta ina motoci suke shiga. Ya dube ni, ya dubi babbar rigar Baba, ya ce motar ƙarshe ta wuce nan a watan Afrilu na 1938, don haka na ɗan makara.

Auta ta fassara wa Baba, ba ta rage ko wasali ba. Yarinyar da in ka aike ta kanti da Hausa sai ta ce ba ta gane ba, ranar nan Hausarta har da karin magana.

Ni niyyata mu juya tun mutuncina da saura. Sai Baba ya ce, "Tambaye shi, wa ya gina ta, kuma me ya kashe ta?" Ya nemi benci ya zauna. Dattijon nan kuwa ashe irin mutanen nan ne da suka shekara suna jiran wanda zai yi musu wannan tambayar. Ya jingine keke.

Wai wani ɗan masu kuɗi ne, William K. Vanderbilt na biyu, tattaɓa-kunnen attajirin jiragen ruwa da na ƙasa Cornelius Vanderbilt. Kuɗi ya gāda, gudu kuma shi ya koya wa kansa. A farkon 1904 ya taka wata Mercedes a bakin teku a Florida har mil 92 a awa, a zamanin da yawancin mutane keken doki suke hawa. Abin da ke cin ransa shi ne motocin Faransa da Jamus sun yi wa na Amurka nisa, sai ya sa kofin azurfa ya ce a zo a yi tsere. Ranar 8 ga Oktoba 1904 aka yi na farko, a kan hanyoyin gari na yankin Nassau, hanyoyin da manoma ke bi su kai kabeji kasuwa. Aka yayyafa wa turɓaya mai don ƙura ta kwanta. Manoma suka yi ta ƙorafi. Wani George Heath ya ci da motar Faransa ƙirar Panhard, a kan kusan mil 52 a awa.

Baba ya ce, "Mil hamsin da biyu a kan burji? Da wane irin taya?"

Dattijo ya ce taya kam fashewa take yi kamar gurguru, shi ya sa kowane direba yake tafe da mutum a gefensa, mai buga famfon mai, mai duba baya, mai dira ya canza taya. Auta ta tsaya tana neman kalmar. Baba ya riga ta: "Karen mota." Ya yi dariya har haƙorin makkansa ya fito. Shekara goma sha tara ina surukinsa, ban taɓa ganin haƙorin nan a fili haka ba. Ya ce shi ma da karen mota ya fara, shekara shida, kuma ko a wane zamani direba ke shan kirari, yaron mota ke shan ƙura.

Daga nan hira ta ɓarke, ni na koma ɗan kallo. Dattijo ya ce matsalar tseren 'yan kallo ne. Dubban mutane ke kwararowa daga birni tun dare, su tsaya tsakiyar hanya suna leƙen mota, sai ta taho su dare, ta wuce su koma. A 1906 mota ta kashe ɗan kallo ɗaya, shekarar da ta biyo ba a yi tseren ba. Vanderbilt da abokansa attajirai suka ce to, za su gina hanyarsu ta kansu, mai shinge, ta kankare, mai kwanoni a jirkice don mota ta sha kwana ba ta rage gudu ba. A watan Yuni na 1908 aka fara aiki, a Oktoba aka buɗe mil tara na farko aka yi tsere a kai. Shekarar ce motar Amurka ta fara cin kofin, wata Locomobile mai lamba 16, George Robertson na tuƙi. Motar tana nan har yau a gidan tarihi na Henry Ford a Michigan.

Na ce aƙalla dai ga mu tsaye a inda aka yi tseren. Na faɗa ne don in sami abin kai wa majalisa. Dattijo ya ce a'a, wannan ɓangaren na Queens daga baya aka ƙaro shi, tseren can gabas aka yi, rumfar 'yan kallo tana inda unguwar Levittown take yanzu. Ko wannan ɗan abin bai bar mini ba.

A nan ne uwargida ta iso, ta gaji da zaman mota. Kafin ta buɗe baki Baba ya ce, "Ke, ɗauko wa baƙon nan waina." Uba ne ya yi magana. Ta juya ta tafi, amma kallon da ta yi mini a hanya na san akwai shari'ar da za a zauna da dare. Aka kawo kula. Bature ya ci waina huɗu da miyar taushe, hawaye na zuba saboda attaruhu, yana ci yana ba da labarin 1910, shekarar da yaran mota biyu suka mutu a tseren, ɗaya na gefen Louis Chevrolet ne, wanda sunansa ke jikin motoci har yau, aka kuma raunata 'yan kallo da dama. Daga nan tseren ya bar Long Island, ya koma Savannah, ya koma Milwaukee, ya ƙare can California. Hanya ta zama ta masu kuɗi masu zuwa shan iska. Dala biyun nan da na ɗauka araha ce, a lokacin kusan ladan yinin lebura ce. Zamanin da aka haramta giya a Amurka kuma masu fasa-ƙwaurinta suka mai da hanyar tasu, tunda ta masu zaman kansu ce, 'yan sanda ba su cika leƙawa ba.

Baba ya sake tambaya, "To me ya kashe ta?"

Kyauta. Wani jami'i mai ƙarfin faɗa-a-ji, Robert Moses, ya shimfiɗa Northern State Parkway kusan kafaɗa da kafaɗa da ita, mai faɗi, sabuwa, ba a biyan ko sisi. Ta Vanderbilt ta yi ta rage kuɗi har ya sauko santi 40, ba masu shiga. Bashin haraji ya taru, a 1938 aka miƙa ta ga hukuma a madadinsa. Nan Queens aka mai da ita hanyar keke, wani wurin turakun lantarki suka bi ta kai, wani wurin ta shige bayan gidajen mutane. Ɗaya daga ɗakunan karɓar kuɗinta ma an ciccibe shi ɗungurungum an kai cikin garin Garden City. Can gabas ne kawai aka bar wani yanki motoci na bi, da sunan nan nasa.

Baba ya jinjina kai ya ce haka jirgin ƙasa ya mutu a hannunsu su masu manyan motoci. Suka yi musabaha da dattijo kamar waɗanda suka yi makarantar allo tare.

Da muka koma mota na tarar da takardar tara a maƙale a gilashi, ashe inda na tsaya ba a tsayawa. Na cusa ta aljihu da sauri. Na kunna matar cikin waya, ta ce in bi babbar hanya in miƙe gabas, da muryar nan tata da ba ta fushi, wadda ta fi zagi ciwo. Cunkoson masu zuwa bakin teku ya riga ya haɗu. Awa biyu muka yi. Ba wanda ya ce uffan sai Auta, da take karanto mana ƙarin bayani daga waya ba wanda ya tambaye ta.

Wajen La'asar sakaliya muka hau Motor Parkway ta gaske, wadda ta rage. Muna shiga danja ta tsare mu. Muka yi gaba kaɗan, wata. Baba ya shiga ƙirgawa a hankali da carbinsa, kowace ja ya ja ƙwaya ɗaya. Muka isa gidan suna an riga an naɗe tabarmi, rago ya zama tarihi, mata na wanke tukwane. Uwargida ta shiga da kula ɗaya da rabi tana ba da haƙuri, ina jiyo ta tana cewa, "Wallahi Malam ne ya bi da mu ta wata hanya."

Baba ya buɗe ƙofa zai fita, sai ya dakata. Ya laluba aljihun babbar riga, ya zaro dala ɗaya-ɗaya guda biyu, ya shimfiɗa su a kan dashbod, ya danne da kwalbar turarena.

Na ce, "Baba, na mene ne?"

Ya ce, "Kuɗin hanya. In ka ga yaron nan Bandabil ka ba shi."

Ban san wanda ya kai labarin majalisa ba, ko da yake Auta ta yi kwana biyu tana guje wa idona. Shayin mako guda ni na saya, har da madara. Wani sabon direba ɗan Damagaram da ya zo watan jiya bai ma san sunana na yanka ba, ya ɗauka Bandabil sunan ƙauyenmu ne.