Mun Ce Mun Gaskata Da Gafarar Zunubai

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Akwai abin da ya tokare mini zuciya tun jiya Lahadi. Na kwana ina juyi a kan gado, da gari ya waye na ce gara in faɗa, wataƙila akwai mai ciwo irin nawa.

Muna cikin sujada fasto ya ce mu tashi mu furta shaidar bangaskiyarmu. Muka miƙe. Kun san yadda bakinmu ya saba da ita, ko hankalinka na wani wuri kalmomin fitowa suke da kansu. Allah Uba Mai Iko Duka, Mahaliccin sama da ƙasa. Yesu Almasihu makaɗaicin Ɗansa, wanda budurwa Maryamu ta haifa, ya sha wuya a hannun Bilatus, aka gicciye shi, ya mutu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Ina faɗa da ƙarfi. Muka iso kan Ruhu Mai Tsarki, da ikkilisiya mai tsarki, da zumuntar tsarkaka, sai idona ya sauka a kan wata 'yar'uwa, benci biyu a gabana. Gefen fuskarta kawai nake gani, idonta a rufe, ita ma tana furtawa. Shekara 3 ke nan ko sannu ba ta haɗa mu ba. Kalmar da ke biye kuwa ita ce gafarar zunubai. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Jama'a suka wuce zuwa tashin jiki da rai madawwami, suka ce amin, suka zauna, ni ina nan tsaye a kan kalma biyun nan.

Ta yi mini laifi, wannan gaskiya ne. Na ɗauki damuwar gidana na kai mata don ta taya ni addu'a, kafin mako biyu na ji maganar a bakin waɗanda ko gaisawa ba ma yi sosai. Na yi kuka. Na toshe lambarta a waya. In na hango ta a ƙofar gaba, sai in bi ta baya. Kuma duk tsawon wannan lokaci ina zuwa sujada, ina waƙa, ina ba da baiko, ina miƙa hannu ina karɓar Jibin Ubangiji. Ku ƙirga Lahadin da ke cikin shekara 3, sun haura 150. Sau nawa ke nan na tsaya a gaban Allah na ce na gaskata da abin da na hana wata?

Ba ni kaɗai ba ce, kada mu yaudari juna. Ɗan'uwana, kai da kake jagorantar addu'a har mutane na zubar da hawaye, yaushe rabonka da yi wa ƙaninka magana tun rigimar gado? 'Yar'uwata, ke da kike gaba a ƙungiyar mawaƙa, me ya sa in wance ta tsaya a damarki sai ki koma hagu? Akwai miji da mata da suke zuwa majami'a tare, su zauna a benci ɗaya, a gida kuwa sai an aiki yaro da saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan. Akwai dattawan ikkilisiya da ba sa shan inuwa ɗaya saboda wani zaɓe da aka yi tun yaran da ke aure yanzu suna goye. Akwai wanda ya sauya ikkilisiya ɗungurum, ya ce wa'azin can ya fi ratsa shi, alhali fuskar mutum ɗaya yake gudu.

Mun iya kare koyarwa. A taɓa batun Allah ɗaya cikin Uku, za mu kawo ayoyi har gari ya waye. Wasunmu ma za su ba ka labarin taron Nikiya na shekara ta 325, inda shugabannin ikkilisiya suka tsaya a kan cewa Ɗan Allah ba halitta ba ne, Allah ne na gaskiya. Madalla, ya kamata mu sani, kuma mu riƙe. Amma Yakubu ya riga ya gaya mana a wasiƙarsa, sura 2 aya 19, cewa aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Me ya kawo Ɗan Allah duniya? Me ya kai shi kan gicciye? Ba don a gafarta zunubi ba ne? Kalma biyun nan da muke wucewa da sauri kusa da ƙarshe, saboda su aka yi haihuwar, da wahalar, da mutuwar, da tashin. A farkon ikkilisiya irin wannan furci mai shirin baftisma yake yi kafin a shigar da shi ruwa, a zamanin da furta shi kan iya jawo wa mutum kurkuku ko mutuwa. Mu kuwa mun mai da shi haddar baki.

Da na dawo gida na buɗe Matiyu sura 18. Bitrus ya tambayi Ubangiji ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, Ubangiji ya ce masa bakwai har sau saba'in. Sai ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Na sha karanta wurin, amma ban taɓa zama na yi lissafi ba sai jiya. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne na ma'aikaci, talanti ɗaya kuma wajen dinari 6,000 ne. Bashin bawan nan ke nan dinari miliyan 60. Ko kullum zai fita aiki, sai ya yi shekaru fiye da 160,000 kafin ya biya. Ya faɗi ƙasa yana roƙo, sarki ya ji tausayinsa, ya yafe duka. Fitarsa ke da wuya ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Ya shaƙe masa wuya. Mutumin ya roƙe shi da irin kalmomin da shi ma ya gama roƙo da su, ya ƙi, ya sa aka kulle shi.

Na rufe littafin na zauna shiru. Dinari 100 ba ƙaramin abu ba ne, Yesu bai ce ba a cuci bawan ba. Ni ma an cuce ni. Amma hannuna ne a wuyan 'yar'uwar nan shekara 3, ni da aka yafe wa abin da ba zan iya ƙirgawa ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bai jira mun zo ba da haƙuri ba. Yana rataye, ƙusoshi a hannunsa, yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Istifanas ma, wanda aka jajjefe saboda bangaskiyarsa ga Yesu, haka ya yi, duwatsu na sauka a kansa. Ni kuma ina cewa sai ta fara zuwa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne Addu'ar Ubangiji. Kullum da bakinmu muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Kun ji abin da muke roƙo kuwa? In Allah ya amsa mini wannan addu'a daidai yadda na yi ta, ya toshe ni kamar yadda na toshe ta, ya bi ta wata ƙofa in ya hango ni, ina zan sa kaina? Kuma da Yesu ya gama koyar da addu'ar, a cikin duk roƙe-roƙen da ke ciki wannan ne ya koma ya nanata, a Matiyu 6:14 da 15.

Na san wani zai ce ban san abin da aka yi masa ba. Gaskiya ne, akwai raunin da ya fi nawa zurfi nesa ba kusa ba, kuma ba na raina hawayen kowa. Yafewa ba ta nufin ka ce ba a yi komai ba. Ba ta nufin ki koma inda ake dukanki, ko ki sake miƙa asirinki ga bakin da ba ya riƙewa. Ni ma ba zan sake kai mata damuwar gidana ba. Amma bashin nan da nake bin ta a zuciya, da jin daɗin da nakan ji in an ce wani abu ya same ta, wannan ba shi da wurin zama a cikin wanda aka fansa da jini.

Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa, bai manta da mata biyu da suka saɓa ba, Afodiya da Sintiki. Ya kira su da suna ya roƙe su su shirya cikin Ubangiji, ya kuma ce a taimake su. Mata ne da suka yi fama tare da shi a aikin bishara. Masu hidima ma sukan faɗa wannan rami, kuma wani lokaci sai an sa hannu an fito da su. Dattawanmu, iyayenmu mata, kun san masu gaba a cikinmu, kada ku zuba ido.

Ubangiji ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ina roƙonku saboda Allah, kada Lahadi mai zuwa ta same mu a haka. Sunan da ya faɗo maka a rai tun da ka fara karanta wannan, shi nake nufi. Kira shi. Ki je ki same ta.

Da safen nan na buɗe lambarta. Hannuna na rawa na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Zan sake kira da yamma, in ba ta ɗauka ba zan taka har gidanta. Ku sa ni a addu'a, 'yan'uwa, don har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.